Ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka: ga amsoshin, a daina maimaita mini tambaya

Da zarar rani ya kama aka fara jin zazzaɓin Lassa a Bauchi ko Taraba, tambayoyin nan game da ɗakin gwajin cututtuka na tafi-da-gidanka ne ke dawowa. Na tattara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mota ce?

Wani lokaci. Yawanci dai akwatuna ne da ake lodawa a mota ko jirgi, a buɗe su cikin tanti ko wani ɗakin asibiti da aka share. Na'urar PCR mai gano ƙwayar cuta a jini, firji, janareta, da magungunan gwaji.

Za a ba ni magani a can?

A'a. Jini suke dubawa, likita na wani wurin.

Me ya hana a kai jinin babban ɗakin gwaji a birni?

Nisan hanya. Ebolar da ta ɓarke a yankin Gekedu na ƙasar Gini, sai da aka kai jini har Faransa kafin a tabbatar da ita a watan Maris na 2014. A ƙarshen watan ne tawagar Turai, ƙarƙashin cibiyar Bernhard Nocht ta Jamus, ta kafa ɗakin gwaji a Gekedu, kusa da sansanin jinya na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Abin da ke cin kwanaki ya koma awa huɗu zuwa yini ɗaya. Kada ka raina wannan. Mai jiran sakamako yana kwance ne a ɓangaren waɗanda ake zargi, kuma wataƙila maleriya kawai ke damunsa, na kusa da shi kuwa Ebola ce sosai. Duk daren da ya ƙara a wurin, kasada ce. Annobar nan ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo.

Ba za su yaɗa mana cutar a gari ba?

Kwantar da hankalinka. Jinin yana zuwa cikin mazubi uku, ɗaya cikin ɗaya, a wanke bayansu da ruwan kulorin. Ba a buɗe shi sai cikin wani rufaffen akwati da ake ganin cikinsa, mai dogayen safar hannu manne a jikinsa. Ma'aikaci ya zura hannuwansa daga waje, ya zuba jinin cikin sinadarin da ke kashe ƙwayar cutar. Iskar akwatin ma ta matata take fita. Abin da ke fitowa zuwa na'ura matacciyar ƙwaya ce. Abin tsoron yana gidan da aka ɓoye mara lafiya ana masa allura a ɗaka.

Zan iya sayen abin gwajin a kemis?

A'a. Kuma wanda ya ce zai ɗebi jininka a shago ya gwada maka Lassa, ka tashi ka ba shi wuri.

Sakamako ya ce babu. Mu tafi da mara lafiyar gida?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna mata. Amsar ta danganta, kuma kafin ka yi fushi ka tambayi kanka: kwana nawa da fara zazzaɓin aka ɗebi jinin? A Ebola, kwana ukun farko ƙwayar na iya yin kaɗan a jini har na'ura ta kasa ganinta. Shi ya sa idan bai cika awa 72 da fara ciwo ba, ake riƙe shi a sake gwadawa. Ba mugunta ba ce, ba kuma neman kuɗi ba.

Sannan me aka gwada? Ana iya neman wata cuta alhali wata ce a jikin. Gwajin na'urar GeneXpert da ya yi aiki a Kwango daga 2018 zuwa 2020 Ebola nau'in Zayar yake kamawa. Da Ebola nau'in Sudan ta ɓulla a Yuganda a 2022, sai da aka koma wani gwajin. Lassa ma tana da zuriya iri-iri, ta kudancin Najeriya daban da ta tsakiya da arewa, don haka ɗakunan gwaji masu kyau sukan duba wuri biyu a jikin ƙwayar. Ga kuma jinin da ya sha zafin hanya, ko kwalbar da aka rubuta wa suna ba daidai ba. Ba kullum ba ne, amma yana faruwa.

Kada kuma a zo mini da cewa ai an ga maleriya, shi ke nan. Mutum ɗaya na iya ɗaukar biyun a tare, musamman a ƙasarmu. Idan an yi maganin maleriya da taifot zazzaɓi ya ƙi sauka, a faɗa wa likita.

To idan an gwada a kan lokaci, an maimaita, duka babu? Mai yiwuwa ƙwarai ba ita ba ce, ka yi hamdala, likita ya nemi abin da ke damunsa. Amma in ya yi hulɗa da mai cutar, za a ci gaba da bibiyarsa har kwana 21. Likitan da ya gan shi ne zai sallame shi. Takardar da ke hannunka ba ta isa ba.

Gawa fa? Yanka ta za su yi?

Subhanallahi, wa ya faɗa muku? A Ebola, ɗan tsinke mai auduga ake gogawa a cikin baki, shi ke nan. Kuma idan ɗakin gwajin na kusa, jana'iza ba ta daɗe tana jira. Ku dai kada ku wanke ta kafin jami'ai su zo.

Muna da irinsa a Najeriya?

Asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo ya samu ɗaya daga shirin Turai, har ma'aikatansa suka tafi da shi Saliyo lokacin Ebola. Amma gwajin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, yawanci a kafaffun ɗakuna ake yi, irin na Irrua da Owo da Abakaliki da Gaduwa a Abuja. Kai dai ba kai za ka nemo su ba. Je asibiti, ko ka kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232, kyauta ne.