Waiwaye: Zamanin da Jihar Arewa ke da nata kundin tsarin mulki

Ranar da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, kundin tsarin mulki huɗu ne suka fara aiki tare: na tarayya, sai na Jihar Arewa, na Yamma da na Gabas. Da aka koma jamhuriya a 1963 ma haka aka ci gaba, har sabuwar Jihar Tsakiyar Yamma ta samu nata. Matasan da suka taso suka tarar da kundin 1999 shi kaɗai, da wuya su yarda an taɓa yin haka.

Tushen abin shi ne tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946, wanda ya kasa ƙasar yanki uku. Amma abin da ya ingiza aka kai ga cikakkiyar tarayya shi ne rigimar 1953. A majalisar Legas, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello kuwa ya ce a bari sai lokacin da ya dace. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi, a watan Mayu kuma tarzoma ta ɓarke a Kano. Majalisun Arewa suka fito da buƙatu takwas, waɗanda suka nemi kowane yanki ya riƙe kusan komai nasa, a bar wa tsakiya tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan da makamantansu. Bayan tarurrukan Landan da Legas aka samu tsarin Lyttelton na 1954. Wannan ya kamata masu ganin sake fasalin ƙasa magana ce ta 'yan Kudu su tuna: a wancan lokacin babu wanda ya kai Arewa neman a rage ƙarfin tsakiya.

Rabon ikon a fili yake. Akwai jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, akwai jerin haɗaka na abubuwan da tarayya da yanki duk za su iya yi wa doka, duk abin da ba a ambata ba kuma na yanki ne. Da wannan gwamnatin Arewa da ke Kaduna ta yi aiki sosai. Tana da Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Lugard Hall, da firimiya, da gwamna, wanda daga 1962 Sir Kashim Ibrahim ne, har da wakilinta na kanta a Landan. Ita ta yi dokar Penal Code da ta fara aiki a 1960, ita ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kuɗin gyaɗa da auduga hukumar ciniki ta yankin ke tarawa, rabin kuɗin ma'adinai kuma yankin da aka haƙo su ake mayar wa. Manomin da ya kai buhun gyaɗarsa sikeli a Kano ya san gwamnatin da ke yanka masa farashi, ya kuma san inda take.

Sai dai ba za a rufe ido a kan ɗaya gefen ba. 'Yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari suna hannun En'e, kuma magoya bayan jam'iyyar adawa ta NEPU ta Malam Aminu Kano sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsu: a hana mutum izinin taro, in ya yi a ɗaure shi. Ƙananan ƙabilu ma sun koka, kamar yadda rikicin ƙasar Tibi na 1960 da 1964 ya nuna.

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ne ya kashe wannan tsari. Janar Ironsi ya soke yankunan da Doka ta 34 a watan Mayu, Arewa ta yi bore. Gowon ya janye dokar, amma a 27 ga Mayun 1967 ya yanka ƙasar jiha 12, Arewa ta koma shida, daga baya aka narkar da 'yan sandan En'e cikin na tarayya. Jihohi suka yi ta ƙaruwa, 19 a 1976, 36 a 1996, kowace ta fi ta baya dogaro da kason Abuja. Kundin 1979 ya haɗe komai a littafi ɗaya, na 1999 ya bi sahunsa da abubuwa 68 a jerin tarayya, ya kuma sa mafi ƙarancin kason jihar da ake haƙo arziki a kashi 13 cikin ɗari. A Amurka, wadda muka aro tsarin shugaban ƙasa daga wurinta, har gobe kowace jiha da nata kundin.

An fara sassautawa. A Maris ɗin 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyare-gyaren da suka buɗe wa jihohi ƙofar jirgin ƙasa da wutar lantarki da gidajen gyaran hali. Inda ya fi yi mana ciwo shi ne tsaro. Sashe na 214 na kundin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tak, shi ya sa da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, gwamnonin Katsina da Zamfara suka koma kafa askarawan sa-kai, kamar yadda jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun a 2020. A ganina jiha ta cancanci 'yan sandanta, muddin naɗin shugabansu da kuɗinsu ba su rataya a wuyan gwamna shi kaɗai ba, don kada a sake yi wa 'yan adawa abin da aka yi wa 'yan NEPU. Kowane gyara irin wannan kuwa sai ya samu kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24.