Ƙananan bututun ƙoda

Ƙananan bututun ƙoda su ne siraran hanyoyin da ruwan da aka tace daga jini yake bi kafin ya zama fitsari. Kowace ƙoda ta ɗan Adam tana ɗauke da matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ake kira nefron. A kan kowace matata akwai dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini, sai bututu ya biyo baya. Dunƙulen nan suna tace ruwa kusan lita 180 a kwana guda, amma fitsarin da ke fita bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk bututun ne ke tsotse shi ya mayar cikin jini. Haka kuma yakan ɗebo wasu abubuwa daga jini ya zuba a cikin ruwan don su fita.

Tarihi

An shafe kusan shekara 80 ana jayayya kan aikin bututun. A 1842 likitan Ingila William Bowman ya nuna yadda dunƙulen jijiyoyin yake haɗe da bututu, ya kuma ɗauka cewa bangon bututun ne ke zuba datti cikin ruwan. Wajen 1842 zuwa 1844 Carl Ludwig na Jamus ya ce a'a, matsin jini ne ke tace komai, bututu kuma ya tsotse abin da jiki ke so. A 1862 Jakob Henle ya bayyana lanƙwasar bututun da ke ɗauke da sunansa har yau, ba tare da sanin amfaninta ba. Rudolf Heidenhain, a 1874, ya ɗura wa dabbobi shuɗin rini a jini, ya ga rinin ya taru a bangon bututu, sai masu ra'ayin Bowman suka sami ƙarfi.

A Amurka aka raba gardamar. A 1923 masu bincike Marshall da Vickers sun tabbatar da cewa bangon bututu yana zuba abubuwa cikin ruwan, ta hanyar wani jan rini. A 1924 Wearn da Richards suka soka siririyar allurar gilashi cikin matatar ƙodar kwaɗo, suka zuƙo ɗan ɗigon ruwa: akwai sukari a cikinsa, babu shi a fitsarin mafitsara. Ashe kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Sirrin lanƙwasar Henle kuwa sai a 1951 Wirz da Hargitay da Kuhn suka bayyana shi a Suwizalan.

Yadda aikin yake

Sashen farko na bututun ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Yana mayar da kusan kashi 65 cikin ɗari na ruwa da sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri), da kusan dukkan sukari. Ƙwayoyin bangonsa suna tura sodiyam zuwa jini, ruwa ya bi sawu. Amma tsotsar sukari tana da iyaka: idan ya haura wajen miligiram 180 a mililita 100 na jini, rarar takan zube a fitsari, shi ya sa tururuwa kan taru a fitsarin mai ciwon sukari.

A lanƙwasar Henle, ɓangaren da ke gangarawa yana barin ruwa ya fita, mai hawa kuma yana fitar da gishiri ya hana ruwa. Ta haka gishiri yake taruwa a tsakiyar ƙoda. Masana ba su daidaita ba kan yadda hakan ke faruwa a can ƙuryarta.

A ƙarshen bututu homon ne ke da iko, wato sinadaran da jiki ke saki cikin jini don isar da umarni. Aldosteron yana sa a riƙe sodiyam a saki fotasiyam. Basofiresin yana buɗe wa ruwa ƙofofi, sai gishirin da aka tara ya janye shi. Mai azumi a watan bazara yana ganin aikinsa kafin la'asar: fitsari kaɗan, launinsa ya yi duhu. Peter Agre ya gano irin waɗannan ƙofofin ruwa, ya sami kyautar Nobel a 2003.

Zubarwa

Bututun yana zubar da asid da fotasiyam da magunguna irin su fenisilin.

Magani

Furosemide yana toshe tsotsar gishiri a ɓangaren lanƙwasar mai hawa, fitsari ya ƙaru, kumburi ya sauka.