Jarrabawar Nafis da Dokar Fashi a Makarantun Firamare na Saudiyya

Duk mai ɗa a aji uku ko aji shida na ibtida'i (firamare) a Makka, Jidda ko Madina ya san saƙon da makaranta ke turowa a waya idan shekarar karatu ta doshi ƙarshe, inda ake sanar da ranar Nafis, wato jarrabawar ƙasa da ake yi wa ɗalibai a Saudiyya, ana kuma roƙon kada yaro ya yi fashi. Iyaye a cikin Hausawanmu sun kasu biyu a kan saƙon. Wasu sun ɗauka jarrabawar wucewa aji ce, sai su tayar wa yaro da hankali. Wasu kuma da suka ji ba ta hana kowa wucewa, sai su ƙyale shi ya ci gaba da barcinsa. Abin da ya haɗa su shi ne rashin sanin wanda ake aunawa.

Hukumar Tantance Ilimi da Horarwa ce ke shirya Nafis tare da haɗin gwiwar Ma'aikatar Ilimi, kuma ita hukumar ba reshen ma'aikatar ba ce, tana cin gashin kanta, domin kada mai koyarwa ya zama shi ne mai ba kansa maki. Ita ce cibiyar shirya jarrabawa ta Ƙiyas ke ƙarƙashinta, wadda iyayen 'yan sakandare suka sani ta hanyar jarrabawar Ƙudurat. An fara Nafis a 2022, ana kuma yin ta a aji uku da aji shida na ibtida'i, da aji uku na mutawassiɗ (ƙaramar sakandare). 'Yan aji uku na ibtida'i ana gwada su a karatu da lissafi, sauran azuzuwan biyu kuma ana ƙara musu kimiyya. Makarantun gwamnati da na kuɗi duk suna ciki.

Wucewar yaro zuwa aji na gaba ba a hannun Nafis take ba, tana tafiya ne bisa ƙa'idar tantance ɗalibi ta ma'aikata, wato ayyukan aji da jarrabawoyin da aka saba. Sakamakon Nafis tattara shi ake yi a fitar wa makaranta matsayinta, a kwatanta ta da sauran makarantun yankinta da na ƙasa baki ɗaya, sannan ya shiga cikin awon da hukumar ke yi wa makarantu, inda take sanya kowace a ɗaya daga matakai huɗu: Tamayyuz a sama, sai Taƙaddum, sai Inɗilaƙ, sai Tahyi'a. Shi ya sa mudir, wato shugaban makaranta, ke nacewa a kan halarta, kuma shi ya sa malamai ke duƙufa kan bita a makonnin ƙarshe, ko da yake ba a fafe gora ranar tafiya, domin abin da jarrabawar ke nema shi ne fahimtar da ta taru cikin shekaru.

Dalilin ƙirƙiro ta ba ɓoyayye ba ne. A gwajin karatu na duniya da ake kira PIRLS, wanda ake yi wa 'yan aji huɗu, Saudiyya ta samu maki 430 a 2016, ta hau zuwa 449 a 2021, alhali tsakiyar ma'aunin 500 ne. A waɗannan gwaje-gwaje 'yan mata sun yi wa maza fintinkau a karatu, kuma a 2019 aka buɗe makarantun ƙuruciya, inda malamai mata ke koyar da yara maza a azuzuwan farko. Gwamnati na son ma'auni nata na cikin gida, wanda zai nuna mata kowace makaranta da sunanta a kowace shekara.

Sai dai lamba ba ta faɗin waɗanda ke zaune a kan kujerun ajin. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 a ƙasar, miliyan 13.4 daga cikinsu ba 'yan ƙasa ba ne, kuma a unguwanni irin su Shari'u Mansur da Hindawiyya a Makka, ko Karantina a Jidda, aji ɗaya kan haɗa yaran da harshen gidajensu ya bambanta. Ko a cikin Hausawa akwai 'yan ƙasa da kakanninsu suka zo aikin Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa, akwai kuma mazauna masu iƙama, wato takardar izinin zama. A ɗauki yaro ɗan aji shida da ke Hausa da kakarsa, yana Larabcin Hijaz da abokan ƙwallonsa, sai ga shi a gaban tambayar lissafi da aka rubuta da fusha, wato Larabcin littafi, cikin layi huɗu. Rabawa da ninkawa ba sa ba shi wuya, amma sai ya bi layukan da yatsa sau biyu kafin ya gane me ake nema, lokaci kuwa yana tafiya. Makin da ya rasa a lissafi a gaskiya na karatu ne. Don haka a ganina kuskure ne uba ya cire ɗansa daga makarantar unguwa don kawai matakinta ya yi ƙasa, kamar yadda kuskure ne a ɗora laifin a kan “yaran baƙi” a wuce. Abin dubawa shi ne ko makarantar tana hawa daga shekara zuwa shekara, da kuma me take yi wa yaran da karatu ke yi wa nauyi.

Shiga makaranta da wuri yana da hannu a nan. Rajistar aji ɗaya ta manhajar Nur ake yin ta, shekarun shiga shida ne, kuma ana buƙatar cikakkiyar allurar rigakafi da gwajin lafiya, ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma har da iƙama mai aiki. Gidan da ya yi sakaci da takardu yakan wayi gari ɗansa ya girmi 'yan ajinsa, ko ma bai shiga ba sam. Dokar Kare Yara ta 2014, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta lissafa rashin yi wa yaro takardun shaida, da rashin kammala masa rigakafi, da jawo katsewar karatunsa a cikin nau'o'in cutarwa ko sakaci.

A kan wannan doka aka gina matakan fashi da aka bayyana a 2023, ga kuma yadda suke a wancan lokacin. Idan yaro ya yi kwana 3 bai zo ba babu uzuri, ana ba da gargaɗin farko a miƙa shi ga malami mai ba ɗalibai shawara. A kwana 5 gargaɗi na biyu ne tare da sanar da waliyyi. A kwana 10 ana kiran waliyyin ya sa hannu a takardar alkawari. A kwana 15 ana iya mayar da yaron wata makaranta. Idan ya kai kwana 20 sai a koma ga Dokar Kare Yara, inda maganar ke iya kaiwa ofishin mai gabatar da ƙara. Kwanakin taruwa suke yi, kuma inda suka fi taruwa sananne ne: ranar Alhamis, da mataccen makon nan na gab da hutu ko jarrabawa, da ranakun da ake tsare yarinya a gida ta kula da ƙannenta saboda uwa ta fita nema.

Uzuri karɓaɓɓe, kamar rashin lafiya mai takardar asibiti, ba ya shiga wannan lissafi, muddin an kai wa makaranta shaidar a kan lokaci. Tafiya gida Najeriya, Nijar ko Sudan domin biki kuwa ba ta zama uzuri don kawai iyaye sun ga muhimmancinta, saboda haka wanda ke shirin yankar tikiti ya fara duba kalandar ma'aikata, musamman da yake a 2025 an amince da komawa zango biyu a shekara bayan tsarin zango uku da aka fara a 2021, kuma ranakun hutu sun sauya tare da shi.