Waiwaye: makantar manyanmu a Gombe ba waya ce ta kawo ta ba

Duk sanda aka zo aikin ido kyauta garin nan aka sa hoton layin tsofaffi a Facebook sai gardama ta tashi, wannan ya ce kallon waya ne, wancan ya ce maggi ne, wani har kwalli yake zargi. To tsohuwar da aka ɗauko a Keke Napep daga Kumo wace waya take kallo fisabilillahi?

Masu kawo makanta na da kowa ya san su, ƙyanda ta ɓata idon yaro, amosanin ido ya juyar da gashin ido ciki, ga makantar rafi da ƙaramin baƙin ƙuda ke kawowa a ƙauyukan bakin ruwa. Rigakafi da rabon Mectizan, maganin makantar rafi wanda aka fara bayarwa kyauta tun 1987, sun rage su sosai.

Abun da ba a cika tunawa ba shi ne binciken ido na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007, inda aka auna sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, mu nan Arewa maso Gabas kashi 6.1, mu ne kan gaba, Kudu maso Yamma kuwa 2.8. Kuma babban mai laifin yanar ido ce, kashi 43 na makantar, sai hawan jinin ido wajen kashi 17, shi wannan ba ya ciwo yawanci, ta gefe yake cin gani har mutum ya fara tuntuɓe da kujera, kuma abun da ya ci ba ya dawowa. Kashi 84 na makantar duk wadda za a iya karewa ce ko a yi magani.

Wurin da ya fi tsaya mun a rai a binciken, cikin idanun da aka taɓa saboda yanar ido kusan rabi ba likita ne ya yi ba, masu bin kasuwa ne da tsinke, su tura yanar can cikin ido. Na gani a gidanmu. Kakata ta ga haske ranar, har tana ƙirga kaji, bayan sati biyu idon ya kumbura ya mutu. Babana ya ce "Inna da kin bari mun kai ki asibiti", ta ce "da wane kuɗin, kuma wa zai zauna da ni a can?"

Aikin yanar ido bai kai awa ɗaya ba a hannun likita. Amma mai tsinke har ƙofar gida yake zuwa kuma yana karɓar akuya, mu kuma muna ta cewa ai tsufa ne, a jira na kyauta. Yaran da aka fara tsarewa daga ƙyanda da rigakafi su ne yanzu suka haura 40, ga suga da hawan jini sun yi yawa, kuma kaɗan ne a cikinsu aka taɓa auna musu ido.