Bargon ƙyallaye daga tsofaffin zannuwan gado

Bargon ƙyallaye bargo ne mai hawa uku: saman da ake haɗawa da yankakkun ƙyallaye, auduga ko polista a tsakiya, sai yadi guda a baya, a bi su da ɗinki su zama abu ɗaya. Masu koyo da yawa da tsofaffin zannuwan gado suke farawa, musamman masu manyan furanni na shekarun 1960 da 1970, saboda sun sha wanki sun yi laushi, ga faɗi, zani ɗaya ya isa ya rufe bayan bargon ba sai an yi haɗi ba.

Zaɓen zanin nan shi ne rabin aikin gaskiya. Tsakiyar zanin gado ita ke fara mutuwa don nan jiki ke goga, to sai a ɗaga shi a haske, duk inda aka ga ya yi shara-shara a yanke a cire, gefe-gefen ne ke da sauran ƙwari. Kar kyan fure ya ruɗi mutum, ƙyalle ɗaya ya yage ya ɓata aikin gaba ɗaya, kuma abin takaici ne bayan duk wahalar nan. Da yawa daga zannuwan lokacin rabi auduga ne rabi polista, ba su cika shigewa a wanki ba amma ba sa son zafi, dole a rage wutar dutsen guga in ba haka ba yadin ya ɗau ƙyalli ko ya ƙanƙance. Saƙarsu kuma a matse take, allurar hannu da ƙyar take ratsawa, shi ya sa keke ya fi, da sabuwar allura mai tsini lamba 80/12. A wanke dai kafin a sa almakashi.

Mafi sauƙin tsari shi ne murabba'i. A yanka inci 5 ko'ina, bakin ɗinki kwatan inci, kowanne zai dawo inci 4 da rabi, kenan guda 80, takwas a layi sau goma, za su ba da bargon jariri mai inci 36 da 45. Kwatan incin nan kar ya canza daga farko har ƙarshe, in ya riƙa ƙaruwa yana raguwa kusurwoyi ba za su haɗu ba. Ana goge bakin ɗinkin layi ɗaya zuwa dama, na layi na gaba zuwa hagu, sai su shige juna su kwanta lif.

Daga nan a shimfiɗa baya, auduga, sama, a bar na bayan ya ɗan fi girma, a kama da fil duk tazarar tafin hannu, a fara ɗinki daga tsakiya zuwa waje don kar ya tattare. Wanda keken ya gagara zai iya ɗaure shi da zaren ulu a kowace mahaɗa. Bakin bargon kuma da ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi ake rufe shi, a ninka biyu.