Mece Ce Hayar Haɗaka a Abuja?

Hayar haɗaka ita ce mutum biyu ko uku, waɗanda galibi ba dangin iya ba na baba, su zauna a fulat ɗaya, kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma falo da kicin, wani lokaci har banɗaki, na kowa ne. Ta bambanta da gidan haya na ɗaki-ɗaki da aka saba gani a Kano ko Kaduna, inda mai gida ya san kowane ɗan haya kuma kowa shi yake kai wa kuɗi. Ba kuma selfkon ba ce, wato ɗakin da ke da banɗaki da ɗan kicin a cikinsa.

Kuɗi ne ya haifar da ita. A Abuja kuɗin shekara ake nema gaba ɗaya, ga la'adar dillali da aka fi yankawa kashi 10 cikin 100, ga kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudurin da zai sa a riƙa biya wata-wata a birnin, amma bai zama doka ba. To ɗan hidimar ƙasa mai alawus na naira 77,000, ko sabon ma'aikaci da ya sauka da jaka ɗaya, ina zai samo kuɗin shekara? Ko dai ya tafi Maraba ko Masaka a jihar Nasarawa ya sha cunkoson Nyanya safe da yamma, ko ya nemi ɗaki a fulat ɗin wani a Kubwa, Lugbe ko Gwarimpa.

Haɗakar iri biyu ce, kuma nan ne baƙo ke ruftawa. A ta farko, duk mazauna gidan sunansu na cikin takardar yarjejeniya, mai gida ya san da zamansu. A ta biyu, mutum ɗaya ne ya kama gidan da sunansa, sannan ya saka wasu a sauran ɗakunan yana karɓar kuɗinsu. Idan a irin wannan ka shiga, kai ba ɗan hayar mai gida ba ne, ɗan hayar ɗan haya ne. Yarjejeniyoyi da yawa ma sun hana saka wani ba da iznin mai gida ba. Dokar da ke aiki a Abuja ta ba mai biyan shekara sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, mai biyan wata kuma wata 1, amma wanda ba shi da takarda ko rasit, da me zai kafa hujja? Ana iya karɓar kuɗinka na shekara a watan Maris, alhali hayar gidan a watan Yuli za ta ƙare, mutumin ya kwashe kayansa ya bar ka da mai gida. Shi ya sa tambayar farko ba "nawa ne?" ba ce. Ka ce, "Malam, yaushe hayar gidan za ta ƙare, kuma mai gida ya san zan shigo?" Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa. Masu saka hotunan ɗaki a Facebook suna cewa a turo kafin alƙalami kafin a gani kuwa, ba su cancanci ko kiran waya ba.

Sai zaman kansa, wanda Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mita ɗaya ce a gidan. Wannan yana kwana da na'urar sanyaya ɗaki, yana dafa wake da risho na lantarki, wancan fanka kawai gare shi da cajin waya, amma idan kati ya ƙare cikin dare sai a ce a raba daidai. Tun da aka ɗaga farashin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan magana ta daina zama ƙarama. Haka kuɗin mai ruwa, da gas, da kwasar shara.

Abin da aka fi jin nauyin faɗa shi ne ya fi raba mutane: wa zai riƙa kawo baƙi, su kwana ko kada su kwana, me za a saka a firij. Abuja gari ne na kowace ƙabila da addini, don haka mai gudun giya ko naman alade a kicin ya faɗa tun kuɗinsa na aljihunsa, a kuma rubuta shi tare da rabon kuɗin wuta, kowa ya sa hannu.