Shin da gaske jemage ta baki yake kashi?

Tun muna yara muke jin ana cewa jemage ba shi da dubura, ta baki yake ci, ta baki kuma yake kashi. Waɗanda suka faɗi haka ba daga sama suka tsinto maganar ba, akwai abin da idonsu ya gani.

Jemagen da ke cin 'ya'yan itace, irin su mangwaro da ɓaure, tauna su yake yi, ya matse ruwan ya haɗiye, sannan ya tofar da tuƙar. Ga shi kuma yana rataye kai a ƙasa. Wanda ya hango abu na faɗowa daga bakinsa, dole ya zaci kashi ne.

Ilimin halittu ya warware wannan ta rassansa. Reshen nazarin dabbobi ya sa jemage cikin masu haihuwa da shayarwa, ba cikin tsuntsaye ba, kuma nau'insa ya haura 1,400. Reshen nazarin sassan jiki ya nuna yana da ciki da hanji da dubura kamar akuya. Masu lura da ɗabi'un dabbobi kuwa sun ga cewa in kashi ya matsa masa, juyowa yake ya maƙale da faratan fukafukinsa, kai a sama, don kada ya ɓata jikinsa.

Kai ma kana iya dubawa. Da safe ka leƙa gindin bishiyar da suka ci a kanta, za ka ga tuƙa daban, kashi daban. Sai dai kada ka taɓa da hannu, domin jemage na iya ɗauke da cuta.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa da abokai su ma su karanta.